Faifan birki mai huda-huda: maganin zafi ne a filin tsere ko kwalliya ce?

Mai Jar Mota: Jama'a, ina nan kan bakana. Duk wanda zai shiga filin tsere da motarsa ta hawa, abin da zai fara sauyawa shi ne faifan birki, ya sa mai huda-huda. Ta ramukan nan iska ke ratsawa ta kwashe zafi. Ku duba motocin Porsche, da yawansu da irinsa suke fitowa daga kamfani.

Bakanike: Ɗan'uwa, ban yarda ba. Iskar da ke sanyaya faifai ba ta fuskarsa take bi ba, ta cikinsa take bi. Ka leƙa gefen faifan gaba, za ka ga falle biyu ne da ƙarafa a tsakani. Idan taya na juyawa, faifan na aiki kamar fanka, yana zuƙo iska daga tsakiya yana watso ta waje. Su kuwa ramukan fuska, ƙarfe suke ragewa, kuma ƙarfen shi ke shanye zafi. Na sha kwance irin faifan nan bayan an gasa shi, in ga tsaga sirara-sirara sun taso daga bakin kowane rami. Ranar da tsaga ɗaya ta kai gefe, faifan ya gama aiki.

Mai Jar Mota: To motocin tseren Formula 1 fa? Ai faifansu ramuka ne birjik.

Bakanike: Nasu ta gefe aka huda, daga ciki zuwa waje, hanyar iska ce. Kuma na kabon ne, yana kaiwa digiri 1,000 a ma'aunin Celsius. Naka na ƙarfe ne.

Malamar Lissafi: Ku bari mu auna zafin da ake magana a kai. Mota mai kilo 1,400 ta sauko daga gudun kilomita 200 a awa zuwa 80 kafin kwana, ƙarfin da ta zubar ya isa ya kai kusan lita 6 na ruwa ga tafasa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ke nan, kuma mafi yawansa a tayoyin gaba yake sauka. Idan gudu ya ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Kafin faifai ya huce, wata kwanar ta iso. Ramuka 'yan kaɗan ba za su iya da wannan kaya ba.

Tsohon Direba: Yarana, duk kun tsallake tambayar farko. Idan birki ya gaza, yaya ƙafarka ta ji shi? In ka taka ka ji shi da tauri amma mota ba ta tsayawa, fad ne, wato abin da ke matse faifai, ya wuce zafin da zai iya ɗauka, har za ka ji ƙauri. In kuwa ka taka ya tafi ƙasa lugub, man birki ne ya tafasa, tururi ya shiga bututu, shi kuma tururi matsuwa yake yi. Wannan na biyun shi nake tsoro, domin ba ya sallama. Man birki mai lamba DOT 4 sabo, ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma yana shan danshi, in ya sha sai ma'aunin ya sauko 155. DOT 5.1 kuwa 260 ne sabo, 180 in ya jiƙa. Mutum ya zo da man da ya shekara biyu a mota, faifai na ƙyalli, me ya gyara?

Mai Jar Mota: Baba, na karɓi maganar mai. Amma kada a ce ramuka ba su da amfani sam. A ruwan sama suna share ruwa daga fuskar faifai, birki ya kama da wuri.

Bakanike: Wannan gaskiya ne, suna kuma fitar da ƙurar fad. Sai dai faifai mai zane-zanen tsagi yana yin aikin nan ba tare da an huda shi ba. Kai kuma cewa ka yi sanyaya birki. In sanyi kake so, ka jawo tiyo mai jure zafi daga gaban mota ka kai bakinsa tsakiyar faifai ta baya, inda yake zuƙar iska. In ka hura wa fuska ɗaya kawai, gefe guda zai huce ya bar ɗayan, faifan ya wahala. Ka kuma tabbata tiyon bai gogi taya ba idan an murɗa sitiyari har ƙarshe.

Malamar Lissafi: Ina da ja a nan, Malam. Ba kowa ke buƙatar tiyo ba. Fad na tsere yana da zafin da yake fara kamawa da kyau, in aka sanyaya shi fiye da kima kamun ya ragu. A fara shafa fentin auna zafi a gefen faifai, a ga launin da ya koma, sannan a yanke shawara.

Tsohon Direba: Madalla da wannan. Kuma akwai na kyauta. Sabon shiga yakan ɗora ƙafa kan birki tun daga nesa yana jansa a hankali, zafi na ta ratsawa zuwa mai, faifai bai samu sararin shan iska ba. Taka da ƙarfi, ka saki. Zagayen ƙarshe ka yi shi a hankali, ba ka taɓa birki sai dole. Da ka tsaya kada ka ja birkin hannu, kada ka bar ƙafa a kai, domin fad zai bar tabo a faifai mai zafi, gobe ka ji sitiyari na rawa. Ka sa giya, ka sa waigi a taya.

Mai Jar Mota: Ni dai faifan na riga na saya, kuma zan shiga da shi.

Bakanike: To shiga da shi, amma ka zuba sabon mai tukuna. Bayan kowane zango ka haska bakin ramukan da tocila. Da ka ga tsaga ta haɗa rami biyu, ko ta nufi gefe, ka cire shi a ranar.