Me ya sa ruwa mai kai-komo cikin yashi yake haifar da lantarki?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum. Na cika bututun roba da wankakken yashi, na sa waya a bakinsa biyu, sannan na riƙa tura ruwa da sirinji ina janyo shi. Duk turawa sai mita ta nuna ɗan lantarki, da na janyo kuma sai alamar ta juya, alhali babu batir. Malamai, ina roƙon bayani.

Malamin Kimiyya, Kongo:
Wa alaikumus salam. Abin da ka gani, ɗana, masanin kimiyya Georg Quincke ya gano shi a Jamus tun 1859. Idan ruwa ya taɓa ƙwayar yashi, fuskarta takan ɗauki caji mai alamar ɗebewa, sai ta jawo ayon (ƙananan ƙwayoyi masu caji da ke cikin ruwan) masu alamar tarawa su yi mata layi. Na jikinta sun manne, amma na bayansu suna sako-sako, don haka ruwan da ke ratsa kafofin yashin yakan kwashe su ya tara a baki ɗaya, kuma wannan tarin ne mitarka take karantawa. Da ruwan ya koma, su ma sun koma.

Saurin kai-komon yana da iyaka. Idan ya yi yawa, ruwan tsakiyar kafa ba ya samun damar bin turawar sosai, sai alamar ta ragu, ta kuma makara. Da yake yashi mai manyan kafofi yana kai wa wannan iyakar kafin mai ƙanana, ana iya kintatar girman kafofin daga nan. Ka zuba gishiri ka sake gwadawa, za ka ga alamar ta faɗi. Amma ka yi hattara da wayar tagulla, domin ita kanta tana yaudarar mita a cikin ruwa.

Mai Haƙar Burtsatse, Tudun Wada:
Allah ya gafarta Malam, ƙasar Zariya dutse ce, ruwanmu yana cikin tsaguwa da ruɓaɓɓen dutse, kuma na sha haƙa rijiya ta fito a bushe. Wannan zai taimake mu?

Malamin Kimiyya, Kongo:
Tunanin ya daɗe, Alhaji. A 1939 wani masani mai suna Ivanov ya auna lantarkin da girgiza ke tayarwa a jiƙaƙƙiyar ƙasa a Rasha, Steven Pride kuma ya tsara cikakken lissafinsa a 1994. Ana dukan ƙasa da babbar guduma, girgizar ta motsa ruwan da ke ƙasa, sandunan da aka kafa su kama alamar lantarkin, wadda ake fatan ta nuna inda ruwan yake. Matsalar ita ce alamar siririya ce ƙwarai, kuma layin wutarmu mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa yakan binne ta, sai an tace shi da kwamfuta.