Za a yi wa maigidana rigakafin ƙyandar biri, ɗanmu kuma yana da kirci: sai mun tanadi maganin VIG?

Maman Hanif, Kubwa:
Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara, musamman daga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Maigidana yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a nan Abuja, su ne ke karɓar samfurin masu ƙurajen da ake zargin ƙyandar biri ce. An sa sunansa cikin waɗanda za a yi wa rigakafi. Damuwata ɗanmu ne, shekararsa biyu, yana fama da kirci tun yana jariri, a wuya da kumatu da bayan gwiwa. In hunturu ya shigo har tsagewa fatar take yi.

Yayana da ke Amurka ya kira ni hankalinsa a tashe. Ya ce rigakafin ƙyandar biri ai shi ne na agana, ƙwayar cikinsa rayayya ce, tana iya tashi daga dantsen uba ta kama yaro mai kirci ta watsu a jikinsa. Ya ce akwai wani magani da ake haɗawa daga jinin mutane, VIG, kada mu yarda a yi allurar sai mun tabbatar yana kusa. Mene ne wannan maganin, kuma ina ake samunsa? Ko in ɗauki yaron mu tafi Jos wajen iyayena sai an gama? Ko dai ya ƙi allurar?

Sista Rabi, Gwarimpa:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Abu na farko, Abban Hanif ya tambayi sunan da ke jikin kwalbar. Rigakafin ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya shigo Najeriya a watan Agustan 2024, allura 10,000 da Amurka ta ba da, sunansa Jynneos, kuma shi aka fara yi wa ma'aikatan lafiya a nan Abuja a watan Nuwamba na shekarar. Ƙwayar cikinsa an raunana ta yadda ba ta iya hayayyafa a jikin mutum. Ba ya yin gyambo, ba ya tara ruwa, don haka babu abin da zai tashi daga dantsen uba ya kama yaro. Sau biyu ake yi, kwana 28 tsakani. Abin da aka fi gani shi ne wurin ya yi ja, ya ɗan kumbura, ko mutum ya ji kasala da ciwon kai na kwana ɗaya ko biyu.

Abu Sadik, Nyanya:
Ni dai shawarata ya haƙura da allurar. Ba mu manta gwajin maganin da aka yi a kan yara a Kano a 1996 lokacin sanƙarau ba. Duk abin da sai an tanadi wani magani kafin a yi shi, ai akwai lauje cikin naɗi.

Dakta Binta, Jos:
Malam Abu Sadik, wanda ya san abin da ya faru a Kano yana da hujjar yin tambaya, ban ga laifinka ba. Amma wannan ba gwaji ba ne. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Jynneos tun 2019, NAFDAC ma ta ba da izinin amfani da shi a nan.

Maman Hanif, yayanki bai yi ƙarya ba, sai dai wani rigakafin daban yake nufi. Tsohon rigakafin agana, da jikansa da ake kira ACAM2000 wanda Amurka ta amince da shi a 2007, ƙwayar baksiniya ce rayayya a ciki, dangin agana ce amma ba ita ba. Da allura mai baki biyu ake tsattsaga fata sau 15, wurin ya yi ƙurji, ya tara ruwa, ya yi ɓawo, sai bayan makonni ɓawon ya faɗi. Duk tsawon lokacin nan ƙwayar tana cikin ruwan, tana iya bin hannu ko tawul ko zanin gado. In ta sami fatar mai kirci, ko da kircin ya kwanta a lokacin, sai ta bazu. Ya taɓa faruwa a Amurka a 2007: wani soja ya koma gida bayan an yi masa irin wannan rigakafi, ɗansa mai shekara biyu da ke da kirci ya kamu, ya yi kusan mako bakwai a asibiti a Shikago. An ba shi VIG da wasu magungunan kashe ƙwayar, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ina jin irin labarin da ya tsorata yayanki ke nan.

Shi VIG ɗin, ga yadda yake. Mutumin da aka yi wa rigakafin agana, jikinsa yana haɗa sinadaran garkuwa da suka san ƙwayar. Sai a ɗebi ruwan jinin irin waɗannan mutane, a tace, a tsarkake, a tattara sinadaran a kwalba. In an ɗaura wa mara lafiya ta jijiya, kamar an yi masa aron masu gadi ne daga maƙwabta kafin nasa su shirya. Suna kama ƙwayar da ke yawo a jiki, su hana ta shiga sababbin wurare. Ba sa daɗewa, cikin makonni jiki ke narkar da su. Wani likitan yara a Amurka, Henry Kempe, shi ya yi fice wajen fara amfani da shi a shekarun 1950. A da a tsoka ake yi, mai yawa, mai zafi. Na jijiyar an amince da shi a 2005, kuma da nauyin mutum ake auna shi, ma'auni 6,000 a kowane kilo a karon farko.

Inda ake amfani da shi sanannu ne: bazuwar ƙwayar a fatar mai kirci, da gyambon rigakafi da ya ƙi warkewa yana ta cin nama a jikin wanda garkuwarsa ta karye, kamar mai ƙanjamau da ya yi nisa ko mai shan maganin ciwon daji, da ƙurajen da suka fito ko'ina suka yi tsanani, da kuma in mutum ya kai ƙwayar bakinsa ko fatar idonsa da hannu. Amma ba maganin komai ba ne. In rigakafin ya jawo kumburin ƙwaƙwalwa, ba ya amfani. Ba a ba da shi don kumburin zuciya, wanda ACAM2000 kan jawo wa kusan mutum 1 cikin 175 da aka yi wa karon farko. In kuma baƙin ido kaɗai ƙwayar ta kama, ba a ba da shi, don ana tsoron ya ƙara tabo. Ina faɗin wannan ne saboda ba na son mu ɗauka cewa in akwai VIG a kusa, to tsohon rigakafin ya zama ba komai. A gidan da ke da mai kirci, ko mai ciki, ko jariri, ba a kai shi tun farko.

To amma duk wannan bai shafi Jynneos ba. In shi ne, ba ku buƙatar VIG, ba sai kin tafi Jos ba, ba sai an raba wa uba da ɗa shimfiɗa ba. Abin da ya fi ba ni tsoro a gidanku shi ne ƙyandar birin kanta. Mutumin da ke taɓa samfurinta a wurin aiki yana iya kamuwa, kuma ta fi yi wa ƙananan yara da masu ciwon fata illa. Ƙin allurar shi ne zai bar Hanif a fili.

Baba Mai Ritaya, Unguwar Rogo:
'Yata, ni na ga agana da idona, Allah kada ya maimaita mana. Ana gane wanda ya tsira da zanzanar fuska, wasu kuma ta tafi da idonsu. Ina yaro aka zo yin lamba, wajen 1967 zuwa 1968, da wata na'ura da ake taka ta da ƙafa, muna kiranta bindiga. Layi ake yi a ƙofar mai unguwa, ƙananan yara a haɗa musu da ta ƙyanda. Ina tuna yadda dantse ke ruruwa, iyaye mata suna hana mu sosawa. Zuwa 1970 an daina jin ɗuriyarta a Najeriya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta ƙare a duniya. Tabon yana nan a hannuna. Ku kuwa yaran da aka haifa bayan haka, wanda ke dantsenku na tarin fuka ne, kada ku ɗauka kuna da kariyar da muke da ita. Ki bar mijinki ya yi, Allah ya raya miki yaron.

Maman Hanif, Kubwa:
Amin Baba, na gode. Na gode Sista, na gode Dakta, Allah ya saka da alheri. Ya duba, Jynneos ne a rubuce. Saura tambaya ɗaya: wata maƙwabciyata ta ce akwai mai kemis da ya ce zai iya samo mana allurar garkuwar in mun ba da kuɗi, mu ajiye a firji saboda ko ta kwana. In saya?

Malam Nura mai harhaɗa magunguna, Wuse:
Hajiya, kada ki ba kowa ko sisi. VIG ba maganin kanti ba ne. Ko a Amurka ba a sayar da shi a kemis, a rumbun gwamnati yake, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ce ke sakin sa in likita ya nema don wani mara lafiya takamaimai. Abin da za a miƙo miki ko dai jabu ne, ko wata allurar garkuwar daban, irin ta ciwon hanta ko wadda ake yi wa mai jego in jininta bai dace da na jariri ba. Kowace da abin da aka haɗa ta dominsa, ɗaya ba ta aikin ɗaya.

Ko na gaskiyar ne ma, ba abin ajiyewa a gida ba ne. Daga jinin mutane aka yi shi, yana iya tayar da borin jini mai tsanani, ya taɓa ƙoda, ko ya sa jini ya daskare, shi ya sa sai a gadon asibiti ana lura ake ɗaura shi. Akwai wani nau'in sukari a cikinsa da ke ruɗa wasu na'urorin gwajin suga su nuna ya hau alhali bai hau ba, mai ciwon suga yana iya shan wuya a nan. Yaron da aka ba shi kuma sai an jinkirta masa rigakafin ƙyanda kamar wata uku.

Kuɗin nan ki sa su a man shafawar da likitan fata ya rubuta wa Hanif, ki riƙa yanke masa farce. In kika ga kircin ya sauya kama farat ɗaya, ƙuraje masu ruwa ga zazzaɓi, ku tafi asibiti a ranar, ki kuma gaya musu aikin babansa. Shi ma in ya ji wani abu da bai gane ba bayan allurar, kamar ciwon ƙirji ko numfashi da ƙyar, ya koma inda aka yi masa a rubuta rahoto. Layin hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, kyauta ne, 6232.