Wadda ta taɓa shan shayin rage tumbi ta faɗa mana abin da ta gani

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata tana shayarwa, sai ga ta da kwalin shayin rage tumbi da ta saya wurin wata mai talla a Instagram. Na ce ta dakata tukuna. Don Allah wanda ya taɓa sha ya faɗa mana gaskiya, kada a ɓoye komai.

Ummu Sadik: Wa alaikumus salam Yaya. Ni na sha. Daren farko cikina ya dinga murɗawa, kafin asuba na gaji da zarya bayan gida. Na kira mai sayarwar, ta ce datti ne ke fita, in ci gaba. Sikeli ya nuna na ragu, zanina ma ya yi sako-sako. Amma ko tsayuwar sallah jiri nake ji. Da na daina, bayan gida ya ƙi fita sai da ƙyar, nauyin kuma ya dawo yadda yake. A bayan kwalin senna aka rubuta, wato filasko. Ruwan jikina ne ya tafi, kitsen yana nan.

Baban Walid: Nawa ƙwaya ce mai ruwan ganye, an ce zallar itatuwa ce. Abinci ya fita raina gaba ɗaya, bakina ya bushe, barci ya ƙaurace, zuciya tana dukan uku-uku ina zaune a shago. Da aka auna jinina a asibiti ya hau sosai, likita ya ce in bar ta nan take.

Anti Famasis: Baban Walid, alamomin nan sun yi kama da na sibutramine. Magani ne da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har yau ana kama shi a ɓoye cikin ƙwayoyin da ake cewa na ganye ne, kuma ba sa rubuta shi a kwali. Na sha ganin masu zuwa kantinmu da irin wannan ƙorafi. Ku kula da masu tataccen koren shayi ma. Shayin da ake dafawa ba laifi, amma ƙwayar da aka tattara ƙarfinsa a ciki tana iya taɓa hanta. Idan ido ya fara yin rawaya ko fitsari ya yi duhu, a tafi asibiti. Lambar NAFDAC kuma a duba ta, sai dai a kayan ganye za ku ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin maganin ba.

Hajiya Ta Zariya: Ni orlistat likita ya rubuta mini. Yana hana wani kaso na man abinci shiga jiki, shi ya sa ranar da na ci waina ko ƙosai mai nake gani a bayan gida. Na ragu kaɗan, shi ma sai da na rage tuwon dare na kama tafiya bayan la'asar.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Na karɓe kwalin. Anti, zan turo miki hoton bayansa ki duba mana, kuma gobe in sha Allahu zan raka ta asibiti ta tambayi abin da ya dace da mai shayarwa.