Me ya sa 'ya'yan shanu ruwa-biyu ba su kamo iyayensu a nono ba?

Mai Kiwo, Giwa:
Assalamu alaikum. Ina da shanu ruwa-biyu waɗanda aka samu ta hanyar dasa wa Bunaji maniyyin bijimin Firiziyan (irin shanun Turai masu yawan nono), kuma dukkansu sun fi iyayensu mata nono nesa ba kusa ba. Da suka isa barbara sai na sa musu bijimi ruwa-biyu irinsu, bisa zaton cewa iri ɗaya zai haifi iri ɗaya. Karsanan da aka samu sun fara haihuwa yanzu, amma sun sha bamban ƙwarai: wata ta kusa kamo uwarta a tatsa, wata hantsarta ƙarama ce kamar ta Bunaji, wata kuma ba ta jure rana da kaska, alhali abinci ɗaya suke ci. Ina roƙon masana su bayyana mini dalili, su kuma ba ni shawara kan bijimin da zan sa musu nan gaba.

Malamin Kimiyyar Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka gani shi ne abin da ƙa'idar gado ta tanada. Saniya tana da kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) guda 60, wato tagwaye 30, kuma ɗan maraƙi yana karɓar guda ɗaya daga kowane tagwaye a wajen uwa, ɗaya kuma a wajen uba. Saboda haka ruwa-biyun farko kowacce rabinta Bunaji ne, rabinta Firiziyan, ba ragi ba ƙari, shi ya sa suka fito kusan bai ɗaya. Amma idan ita ruwa-biyun ta zo bayar da nata rabin, ƙwayoyin gadon da ta karɓa daga ɓangarorin biyu suna cakuɗuwa kafin su rabu, ta yadda wani ƙwan zai ɗebo na Firiziyan da yawa, wani kuma ya rinjaya wajen Bunaji, kuma haka abin yake a maniyyin bijimin.

Gregor Mendel ne ya fara fayyace wannan rabuwa a sakamakon gwajin da ya wallafa a 1866 kan wata irin wake. Misali mai sauƙi a shanu shi ne launi: a Firiziyan baƙi yana danne ja, don haka saniya baƙa da bijimi baƙi waɗanda kowannensu ke ɗauke da ja a ɓoye za su iya haifar jan maraƙi, kimanin ɗaya cikin huɗu. Nono kuwa ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi ba, ɗaruruwa ne, shi ya sa bambancin yake fitowa hawa-hawa. Sannan akwai ƙarin kuzari da yawan haihuwa da ruwa-biyun farko ke samu saboda nisan jinin iyayensu, wanda kimanin rabinsa yake zubewa a zuriya ta biyu.

Dattijon Ruga:
Bayanin Malam ya gamsar, sai dai akwai tambayar da ya kamata Alhaji ya bincika: shin bijimin da ya sa musu ba ubansu ɗaya da shanun ba ne? Sau da yawa maniyyin bijimi guda ake rabawa a gari ɗaya, sai a wayi gari ana haɗa 'yan uba ba a sani ba. Mu a ruga mun daɗe da sanin cewa garken da bijimi ke hawan 'ya'yansa ko 'yan'uwansa yana ƙanƙancewa, maruƙa su riƙa fitowa da rauni, shanu su riƙa jinkirin ɗaukar ciki.

Likitar Dabbobi:
Maganar Baba tana da tushe, domin haɗa 'yan uba yana sa kashi 12.5 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon ɗan su zama iri ɗaya ta ɓangarori biyu, haɗa uba da 'yarsa kuwa kashi 25, kuma ta nan ne cututtukan da ke ɓoye suke bayyana.

Game da bijimi, Alhaji, ban ba ka shawarar komawa ga maniyyin Firiziyan zalla a kan kowace saniya ba. Idan jinin Firiziyan ya kai kashi 75, dabbar tana buƙatar inuwa, ruwa wadatacce, dusa da angurya a kai a kai, da feshin kaska ba fashi, kuma kirci ya fi saurin kama ta, musamman da damina. Idan ba ka da halin wannan, ka tsaya a kan rabi da rabi: ka nemi bijimi ruwa-biyun farko daga wani jini dabam, wanda aka san yawan nonon uwarsa. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa (NAPRI) da ke Shika, kusa da kai, ta daɗe tana aiki kan haɗin Firiziyan da Bunaji, don haka ka tuntuɓe su. Ka kuma buɗe littafi, ka riƙa rubuta uwa da uban kowane maraƙi da litar da kowace saniya ke bayarwa, ko da sau ɗaya ne a mako, ka bar 'ya'yan waɗanda suka haɗa nono da juriya, sauran kuma ka yi musu turka ka sayar.