Na tambayi lissafin kuɗin rufin coci, an ce wai na taɓa shafaffe

Ɗan Mawaƙa ya rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa a cikin sunan Yesu. Shawara nake nema, ba ɓata sunan kowa na zo yi ba, shi ya sa ba zan faɗi coci ko gari ba. Shekara biyu ke nan muna tara kuɗin rufin sabuwar majami'a, an yi lanchin har sau biyu, zumuntar mata sun yi gayya sun kawo buhunan masara, mu matasa da hannunmu muka buga bulo, amma har yau in hadari ya haɗu sai dai mu kwashi benci mu koma tsohon gini. Toh a taron ikilisiya na ƙarshen wata sai na ɗaga hannu na ce Baba, da ma a karanta mana nawa ya shigo nawa ya fita. Wuri ya yi tsit. Can wani dattijo ya miƙe ya ce yaro ka iya bakinka, an rubuta kada ku taɓa shafaffuna, wato waɗanda Allah ya keɓe wa kansa. Ran Lahadin da ta biyo wa'azi kaf a kan Kora da Datan da Abiram ne, yadda ƙasa ta buɗe ta haɗiye masu tayar wa Musa, kuma kowa sai waigowa yake yana kallona. Mamata har da kuka, wai in je in durƙusa in roƙi gafara kafin wani abu ya same ni. Ni fa ban ce an ci kuɗi ba. Dan Allah zunubi na yi?

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Ɗana, kwantar da hankalinka, ƙasa ba za ta haɗiye ka ba. Na riƙe jakar coci shekaru da dama kafin ido ya gaza, bari in faɗa maka abin da na sani.

Buɗe 2 Korintiyawa 8 daga aya 18 zuwa 21. Bulus ne fa, manzo guda, yana tara gudummawa don matalautan Urushalima, amma bai ce ku yarda da ni kawai ba. Ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa wanda ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa, ya kuma faɗi dalili, don kada wani ya sami abin zargi, yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Ka lura, har da mutane. Sai ka koma 2 Sarakuna 12, wannan ma maganar gyaran gini ce kamar taku. An yi ta karɓar kuɗi firistoci ba su gyara Haikali ba har shekara ta 23 ta sarautar Yowash, sai Yehoyada firist ya ɗauki akwati ya huda murfin ya ajiye kusa da bagade, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su zo su ƙirga tare. Mutum biyu, daga ɓangare biyu. Ezra kuma auna azurfa da zinariya ya yi kafin su tashi daga bakin kogin Ahawa, da suka isa Urushalima aka sake aunawa aka rubuta.

Mu a lokacinmu mutum uku ke ƙirga baiko, ƙofa a buɗe, a zube a kan tebur a ware 'yan ɗari da 'yan hamsin har da yagaggun da aka liƙe da salatif, a rubuta a littafi kowa ya sa hannu kafin a tashi. Fasto baya taɓa kuɗin ko da wasa. Wani fasto da muka yi da farko ya ji haushi, daga baya da aka yi masa ƙage littafin nan ne ya wanke shi tas.

Maman Zumunta ta amsa:

Baba Ma'aji na gaishe ka, duk abin da ka faɗa haka ne. Amma ni a gidan fasto na girma, bari in faɗi ɗaya gefen. Babanmu a ƙauye ya yi aiki, wani lokaci wata uku babu albashi sai ɗan kwanon dawa da wata tsohuwa za ta kawo, amma ranar da ya ɗinka sabuwar riga sai ka ji ana raɗa wai baiko ne. Abin na da ciwo sosai. Kuma ku tuna tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin siminti da kwano da katako ba inda bai kai ba, ƙila abin da kuka tara ya kasa ne su kuma kunya ta hana su faɗa.

Ɗana ba na ce ka yi laifi ba, amma ka fara zuwa wajen sakatare ko wani dattijo a keɓe? Matiyu 18 ta ce a fara tsakaninka da shi, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Kuma 1 Timoti 5:19 ta hana a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. A wajenmu yaro ya miƙe cikin taro ya tambayi manya, ko da gaskiya ce a bakinsa, abin da za a fara ji shi ne raini.

Ɗalibin Tauhidi ya amsa:

Mama da girmamawa, ki ƙara aya ɗaya, 1 Timoti 5:20 ta ce waɗanda suka nace da zunubi a tsawata musu a gaban kowa don sauran su ji tsoro. Ayoyin biyu tare suke tafiya. Sannan ɗan'uwan nan ai ba ƙara ya kawo ba, rahoto ya nema, a taron da aka kira don maganar ikilisiya, in ba a nan ba a ina zai tambaya, a kasuwa?

Wannan ayar ta shafaffu kuwa an wahalar da ita. Zabura 105:15 ce, ku karanta daga sama, maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi lokacin suna 'yan kaɗan suna yawo a ƙasashen mutane, Allah na gargaɗin sarakuna kada su cuce su. Wato mai ƙarfi ake ja wa kunne saboda mara ƙarfi, mu kuma mun juya ta. Dawuda da ya ƙi kashe Saul a kogo don shafaffe ne, ai da ya fito ɗaga ƙyallen rigar ya yi ya faɗa masa laifinsa da babbar murya. Natan ya dubi Dawuda ya ce kai ne mutumin. Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Wanda ya fi burge ni Sama'ila ne, ba a ma tambaye shi ba, shi ya tara jama'a ya ce san wa na ƙwace, jakin wa na ƙwace, a hannun wa na karɓi toshiya, ku faɗa in biya. Kora kuma ba lissafi ya nema ba, matsayin firist yake haƙo.

Da aka sa hannu a dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAMA a 2020 ƙungiyar Kiristocin Najeriya CAN ta tashi tsaye a kan sashen da ya ba hukumar rajistar kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiyoyi, ni ma ban so gwamnati ta sa mana hannu a akwatin baiko ba. Amma in mun ce gwamnati kada ta duba, 'yan ikilisiya ma kada su duba, to wa zai duba? Mai wa'azin nan Ravi Zacharias duniya ta san shi, ya rasu a 2020, sai a 2021 binciken da ƙungiyarsa ta sa aka yi ya fito da yadda ya ci zarafin mata, alhali tun yana raye an yi ƙorafi aka kare shi.

Bakin Ganga ya amsa:

Ni dai tambaya ɗaya, waye ma'ajin naku kuma wa ya zaɓe shi? In ɗan'uwan fasto ne ko surukinsa toh ka san inda gizo ke saƙa. Kuma akawun na banki mutum nawa ke sa hannu, alat wayar wa yake shiga?

Ɗan Mawaƙa ya dawo:

Na gode ƙwarai iyayena da 'yan'uwa. Mama gaskiyarki ce ban je wajen kowa a keɓe ba, kuma muryata ta ɗan hau sama ranar, wannan zan ba da haƙuri a kai, amma tambayar ba zan janye ba. Bakin Ganga, ma'ajin ba dangin fasto ba ne, tsohon malamin firamare ne mutumin kirki, sai dai jiya da na je gaishe shi ya ce min kuɗin gini ba ya bi ta hannunsa, komitin gini ne ke riƙe da shi, kuma rabon komitin da zama tun kafin Ista. Ya ce in samo kundin tsarin mulkin ikilisiyarmu in duba abin da ya ce a kan rahoton kuɗi, shi ma zai raka ni wajen shugaban dattawa ran Asabar. Baba Ma'aji, in mun je rasit zan fara tambaya ko takardar banki?