Banjo na hannu mai tsirkiya biyar: ya cancanci saye?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. An kawo mini tallar banjo na hannu, wato wani abin kiɗa mai tsirkiya da dogon wuya, a Sabon Gari, sautinsa kuma ya kwanta mini ƙwarai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tsirkiya ta biyar, wadda ta fi sauran gajarta, maɗaurinta kuma yana gefen wuyan. Gyara aka yi masa, ko haka ake ƙera shi?

Mai Gurmi:
Wa alaikumus salam. Haka ake ƙera shi, ɗan'uwa. Da babban yatsa ake kaɗa wannan gajeriyar tsirkiya, tana maimaita sauti guda mai zaƙi a bayan kiɗan, kuma ita ce ke ba banjo armashinsa. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi a Karebiyan da Amurka, da ƙwarya da fata kamar gurminmu, shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya jin sa baƙo.

Malam Na-Gwale:
Kafin ka biya, ka miƙe shi daidai idonka ka duba ko wuyan ya lanƙwashe, domin wannan aibi kan yi wuyar gyara. Ka bincika fuskar gangar jikin banjon: tun wajen ƙarshen shekarun 1950 yawanci roba ake sawa maimakon fata, kuma ita ta fi jure bushewar hunturun Kano da laimar damina. Tsatsar tsirkiya ba ta hana ciniki, tunda ana sauya ta.

Ɗan Fagge:
Na gode, Malam. Gobe zan koma in duba wuyan.