Sabuwar konbata a motar gas: dole ne a taɓa ƙwaƙwalwar giya?

Na Ringim: Salamu alaikum iyayen gidana. Ni dai ra'ayina, duk Hilux mai shan gas da aka saka wa konbatar da ba ta kamfani ba, wato na'urar da ke haɗa inji da giyar otomatik, sai an sake wa ƙwaƙwalwar giya, kwamfutar da ke sarrafa ta, lissafi. In ba haka ba, giyabos ba zai yi ƙarko ba.

Ogan Wudil: Wa alaikumus salam. Ba kowace ba, ƙanena. In girmanta ɗaya da ta asali, faibar kullewa, wato kulocin cikinta da ke haɗe inji da giya kai tsaye, ɗaya ce, kuma juyin da take kama mota bai canza ba, me za ka sake? Ka jona Techstream, manhajar gwajin motocin Toyota, ka goge abin da giya ta koya a kan tsohuwar, ka zaga da mota ta koyi sabuwar. Shi ke nan.

Na Ringim: Oga, mai faiba biyu ko uku fa?

Mai Waya na Gumel: To nan ne maganarka ta zauna. A giyar Hilux samfurin A750F, solenoyid ɗin SLU, wato bawul mai aiki da lantarki, shi ne ke sakin mai a hankali har faiba ta kama, kuma an yi lissafin ne da faiba ɗaya. Mai uku tana da faɗin kamu, sai ta cafke tun matsin bai kai ba. Abin da direba zai ji shi ne duka, ko karkarwa in ya taka a hankali. Gyaran abu uku ne: saurin hawan matsin SLU, gudun da za a kulle da wanda za a saki, sai matsin babban layi ta solenoyid ɗin SLT in an ƙara wa inji ƙarfi. Ku tuna injin 1GD mai otomatik na 2015 zuwa 2020, wanda giyarsa AC60 ce ba A750F ba, yana ba da ƙarfin murɗawa 450 Nm tun daga juyi 1,600 a minti. Wanda ya sa a kulle ƙasa da nan da lodi a baya, girgizar inji kai tsaye za ta riƙa dukan farantin da konbata ke ɗaure a jiki da sandar shiga giya.

Baba na Haɗeja: Yara kuna son kwamfuta. Yawancin karkarwar da ake ɗora wa ƙwaƙwalwa aikin hannu ne. An zuba wa konbata mai kafin a saka? An juya ta har ta zauna a haƙoran sanduna biyu da kunnen famfo? In ba ta zauna ba aka ja noti, famfon mai ya tafi. An wanke kular man giya da bututunta daga garin tsohuwar faiba? An zuba WS, man giyar Toyota, ko jan man da aka samu a bakin tasha?

Mai Waya na Gumel: Gaskiya ne Baba. Shi ya sa awo ne farko. Mai ya yi ɗumi tsakanin digiri 50 da 80, a sa waigi, a danne birki, a saka D a taka totur, kada ya wuce daƙiƙa 5, a karanta juyi a gwada da na littafin motar. Sannan a hau kwalta a kwatanta juyin inji da na tabayin ɗin cikin konbata, wato NT. In an kulle, bambancin ya kusa sifili. In yana yawo, ko lambar matsala P0741 ko P2757 ta fito, a fara duba solenoyid da balbodi, wato gidan bawulolin giya.

Ogan Wudil: Kuma masu ƙara matsi don su ɓoye santsi, kwana kawai suke saya wa faibar da ta riga ta ƙone.

Na Ringim: Amma motar da ke ɗaukar riɗi cikin rairayin Maigatari a watan Afrilu, kullewa da wuri ai ita ke rage zafin mai.

Baba na Haɗeja: A kan kwalta, e. A rairayi mota na jan ciki a giya ta ɗaya da ta biyu, konbata a buɗe take, a nan zafin ke taruwa. Mai ya haura digiri 120 ya fara lalacewa. Maganin wannan ƙarin kula a gaban lagireto da saka L4, ƙaramar giyar taya huɗu, ba lissafi ba.

Na Ringim: To na sassauta a kan mai faiba ɗaya. Mai uku kuwa ina nan a kan bakana.

Ogan Wudil: Ko ita sai na ga awon NT tukuna.